Buhun Dayi Ba Na Funtua Ba Ne

Litinin, 20 ga Oktoba, 2025

Mannir zai kashe ni. Sau nawa zan ce masa a manhajar nan ta ƙungiyar manoma ba a rubuta lamba tsirara a cikin kod, wato rubutun da ake gina manhajar da shi? A ba ta suna a wuri ɗaya, kowa ya ɗauko daga can. Yau ma na tsinci 40, 43, 45 a warwatse kamar an ɓarar da gero. Alhaji Bature mai kamfanin ya ce wata ukun gwajin Mannir ya cika, ranar Juma'a in faɗa masa ko a riƙe shi ko a sallame shi. Wallahi amsata tana bakina.

Talata, 21 ga Oktoba

Na gaji da gyara da hannu. Na samo wata manhaja, sai ka ba ta misalan kuskure da gyaransu, ita kuma ta ƙirƙiro ƙa'idar da za ta riƙa kama irinsu da kanta. Na ɗura mata misali goma sha biyu, duk daga aikin Mannir. Ƙa'idar farko shirme ce, har sifili da ɗaya sai da ta ja wa jan layi. Kuskure ɗari bakwai wai! Kaina kamar ya tsage.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na ƙara misalai, ta saitu. Duk inda aka ƙidaya tiya a buhun masara ta mayar da shi suna ɗaya, arba'in. Tsaf. Mannir ya leƙo, "Anti Najiba, wannan 45 ɗin fa..." Na ce Malam, ƙa'ida ce, ba ni ba ce. Ya koma kujerarsa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Innalillahi. Glory, mai zagaya mana ƙauyuka, ta kira daga Dayi, ina jin dariyar mutane a bayanta. Wai wani dattijo ya auna masararsa buhu takwas cif, wayar ta ce tara ne. Ya ce mata, "'Yata, in wayar nan tana haihuwar buhu, bar min ita." Shugaban ƙungiyar ya ce a dakata da manhajarmu tukuna.

Na juya kan Mannir zan sauke masa. Ya ce, a hankali kamar mai ba da haƙuri, masu sayen da ƙungiyar ke hulɗa da su a Dayi cika buhu suke har a ɗinka masa hula ya ci tiya arba'in da biyar, na Tsiga daban, namu na Funtua daban. Babansa awo yake yi, a gindin tiya ya tashi.

Na koma kan misalan nan da na ɗura wa manhajar ƙa'ida. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da na koya mata ta yi. Ni da ban taɓa riƙe bakin buhu ba. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Har yanzu ina nan a kan bakana, lamba tsirara ƙazanta ce. Mun ba kowace kasuwa nata sunan, shi ya zaɓi misalan, ni na danna kawai.

Alhaji ya tambaya bayan masallaci. Na ce a riƙe shi, kaka ce, ba lokacin neman sabon hannu ba ne. Dalilin da na bayar ke nan.

Ran kasuwa mai zuwa zan bi Glory Dayi. Na ce Mannir ya gaya wa babansa ina so ya nuna min yadda ake awo.