Ina Nan Tafe

Zuwa ga mahaifina, Malam Barau mai mazarƙwaila,

Gaisuwa mai yawa da addu'a. Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba mai kai maka wannan takarda. Ko kana raye ma sai dai in karanta maka, tun da ni ka tura ajin yaƙi da jahilci, ka ce kai boko ya wuce ka. To amma maganar ta cika mini ciki, dole in sauke ta.

Gida lafiya. Inna tana nan, sai dai ƙafar. Raken fadama ya yi kyau bana, har mun fara matsa, kuma dokin nan naka mai taurin kai shi ke juya injin, sai an yi masa tsawa kamar kullum. Matata Hajara ta haihu, namiji, mun sa masa sunanka. Inna dai Maigida take kiransa.

Baba, Lauya Tanimu ya zo gidanmu.

Wa zai tuna shi in ba kai ba? Ɗan ƙasar Kudan da ya je Ingila ya karanto shari'a, ya dawo ya ce zai shiga majalisa a Kaduna don talaka. Kai ka fara tsayar da shi a kasuwar Makarfi. Ka bi da shi Ikara, da Kurmin Kogi, da Hunkuyi, duk inda ake cin mazarƙwailarka. Hotonsa da baƙar riga da farar hular gashi, a zaurenka ka kafa shi. A kowace lacca yana rantsuwa cewa duk wanda aka kama dominsa, shi da kansa zai tsaya masa a gaban shari'a. Ka yarda. Duk mun yarda. Wa ya taɓa ganin lauya a cikinmu, balle ya san inda ikonsa ya tsaya?

Ran da 'yan doka suka kama ka saboda taro ba izini, ka ce in hau keke in kira shi daga Zariya. Na same shi da baƙi masu manyan riguna. Bai ko ce in zauna ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, “Je ka, ina nan tafe.”

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Masinjansa, wani dattijo, ya biyo ni har bakin ƙofa. Ya ce dokar Turawa ba ta yarda lauya ya buɗe baki a kotun alƙali ba, ko ya zo ba za a bar shi ya ce uffan ba, kuma ubangidansa ya fi kowa sanin haka. Ya ce in faɗa maka ka tuba ka koma gida. Ni kuwa na ce a raina, masinja ne zai fi lauya sanin doka? Na ɗauka baƙin ciki ne irin na bara da ubangidansa. Na iso wurinka na ce yana nan tafe, na haɗiye sauran.

Sau uku alƙali ya ce ka ce “na tuba” a sallame ka, don furfurarka. Sau uku ka ce ba ka da magana sai lauyanka ya iso. Kana ta waiwayen ƙofa, mutane suna ƙunshe dariya. Ina tsaye a bayanka, maganar dattijon nan tana bakina, na kasa. Me ya riƙe mini harshe, Baba? Wata shida aka ba ka. Ka fito da tarin da bai bar ka ka ga yankan rake ba. Har ka cika kana cewa ƙila mota ce ta lalace masa a hanya.

Ba motar da ta lalace. Baƙin nan da na gani, ranar suka gama magana da shi, ya koma jam'iyyar waɗanda suka sa aka kama ka. Da ita ya ci kujerar. Aka ba shi gida a Kaduna. Da kunnena na ji a rediyo an ce ya tashi a majalisa yana cewa kotun alƙali ba ta bukatar lauya. Ashe ya sani! Ya sani sarai, la'ananne.

Yanzu wani zaɓen ya zo, ya ji jama'a sun juya, sai ga shi wai ya zo ta'aziyya, bayan damina uku. Ya zauna a zaure, daidai ƙarƙashin ƙusar da hotonsa yake a da. Ya yi ta yabonka har da share ido. Daga nan ya faɗi abin da ya kawo shi: in zo ran kasuwa in tsaya kusa da shi, in shaida wa mutane gidan Barau ba ya riƙe da shi. Na sa aka dama masa fura. Na raka shi har mota, na rusuna na ce, “Je ka, ranka ya daɗe, ina nan tafe.”

Bai gane ba. Wallahi bai ma tuna ya taɓa faɗar ta ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Kafin ran kasuwa na ɗora wa jakuna kaya na bi duk garuruwan da ka bi da shi. Duk wanda ya sayi mazarƙwaila sai ya ji labarin, har da nawa laifin, ban ɓoye ba. Ran kasuwar, Lauya Tanimu ya hau bayan babbar mota tun hantsi, aka yi shela ɗan Barau zai yi magana. Ina cikin rumfar wanzami ina kallo ta wata 'yar kafa a jikin zana. Ya jira har azahar. Yana magana yana waiwayen hanya, zufa ta jiƙa masa riga. Yaransa suka shiga kiran mutane su matso, duk wanda aka kira sai ya ce yana nan tafe, ya ci gaba da cinikinsa. Da la'asar ba kowa gabansa sai masu tallan gyaɗa. Na ji daɗi, Baba. Na ji daɗi ƙwarai, ban kuma ji kunyar jin daɗin ba.

Zaɓe saura mako. Ba zan zauna ba sai an buɗe akwatinsa an same shi fayau, ya koma Zariya ba riga ba kujera. Liman ya ce in yafe. Na ce kai aka zalunta, ba ni da hurumin yafe haƙƙinka, nawa kuwa ban yafe ba.

Shi dai na rama maka. Ni fa? Wa zai rama maka a kaina? Kalma biyu ce, “na tuba”, da ta dawo da kai gida, ni na hana ka ita. Wannan ba na son in faɗe ta a takarda kaɗai, sai na durƙusa a gabanka.

Allah ya jiƙan ka, ya sada mu. Ka saurare ni, Baba, ina nan tafe. Wannan karon wanda ya faɗa zai zo.

Ɗanka mai laifi,
Ilu