Katin Huhu Mai Tabo

Litinin, 3 ga Fabrairu
Hedimasta ya kira ni ofis. Wai in 'yan aji huɗu suka sake kunyata shi a kimiyya gaban sufeto, zai karɓe ajin ya mai da ni tsaron sito. Ni da alli da tsintsiya ke nan. Na ce to, ranka ya daɗe. Me zan ce?

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Na yanyanka kwalin sabulu na yi katuna, hoto a gaba, suna a baya. Huhu, zuciya, ƙoda, hanta. Yaya ta leƙo ta ce hantar tawa ta fi kama da takalmi. Ita dai ba ta rasa abin faɗi.

Laraba, 19 ga Fabrairu
Suna ganewa! Ina ɗaga kati sun amsa, har Sarkin Barci na layin baya. Na manta rabon da in ji daɗin aiki haka.

Talata, 25 ga Fabrairu
Katin huhu ya ɓata, na zana sabo, ya ma fi tsohon kyau. Na ɗaga. Tsit, kamar ruwa ya cinye su.
Lauya, yarinyar nan da bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Malama, ai wannan ba huhu ba ne. Huhu shi ne mai tabon maiƙo a gefe."
Zuciya fa? "Mai yagaggen kunne." Ƙoda? "Wadda ta lanƙwashe."
Ashe datti suka haddace. Na ce kowa ya taɓa inda huhunsa yake, rabinsu suka dafe cibiya. Sai da na ɓuya bayan aji na yi kuka.

Juma'a, 28 ga Fabrairu
Sababbin katuna, fes-fes. Sai ido suke bi na da shi.

Litinin, 10 ga Maris
Tsohon huhun ya fito a ƙarƙashin durowa. Na haɗa shi da 'yan uwansa a jaka. Ajiya ce kawai.

Alhamis, 13 ga Maris
Sufeto ya zo. Na sa hannu a jaka, tsofaffin suka biyo hannuna. Ko ɗaya yaran ba su kuskure ba. Sufeto ya ce sauran malamai su zo su koyi dabarata. Hedimasta baki har kunne. Aji dai ya tsaya a hannuna.
Lauya ta dubi tabon, ta dube ni. Yau kam ta rufa min asiri.

Litinin, 17 ga Maris
Darasin tsirrai za mu shiga. Ina zana katin saiwa, shayi ya ɗiga a gefensa. Tsumma na nan kusa da hannuna.
Na bar shi ya bushe.