Fartanyar Kan Iyaka

Zuwa ga Yaya Yudita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a can Mombasa. Allah Ya ƙara lafiya. Mu nan Kalenga lafiya lau, an yi ruwan fari, tarin Mama ma ya yi sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Ƙanen babanmu, Baba Kasiyani, ya kwaso wasu 'yan garin Iringa masu na'urar neman ƙarfe, wai Jamusawan mulkin mallaka sun binne kuɗinsu na rupiya a gonarmu. Na ce masa duk karance-karancena ban ga inda Bajamushe ya bar wa wani ko allura ba. Ya ce in rufe masa baki, malamin tsofaffin jaridu, da karatu na cika ciki da ban rame haka ba. Duk inda na'urar ta yi ƙara sai su haƙa. Gefen gonar nan ya koma kamar gidan gafiya. Me suka samu? Ƙusoshi, murfin buta, ƙararrawar akuya, sai wani faffaɗan ƙarfe mai tsatsa da suka wurga cikin buhu.

Da Kaka Semgovano ta shafa shi, tunda idon ya tafi, sai ta ce wane marar uwa ne ya tono mata sadakinta? Ashe fartanyar aurenta ce, wadda mijinta, marigayi Kaka, ya binne a kan iyakarmu da gidan Mdemu a gaban dattawa, don in rigima ta tashi a tona a gani. Dattawan duk sun rasu.

Kwana kaɗan Mdemu ya shigo da shanun huɗarsa har gindin mangwaron da ke cikin gonarmu. Na kai fartanyar gaban shugaban ƙauye. Mdemu ya yi dariya, ya ce yaro, ai shi ma yana da irinta a bayan ɗaki, in nuna ramin da ta fito. Na tambayi masu na'urar, suka ce su rupiya suke nema, wa ya kula? Baba Kasiyani kuwa tun ranar ciwon kai yake yi.

Yaya, ke kika riƙa kai wa marigayi Kaka abinci gona. Bai taɓa nuna miki wurin ba? Ko dutse, ko kututture, ki tuna. Ruwa yana ta cike ramukan.

Ki gaida maigida, da Anjelina da Tito. Kaka ma tana gaishe ki. Kullum da safe sai ta sa na kai ta gona, ta zauna bakin rami rungume da fartanyar, ta ce nan ne. Jiya wani ramin ta zauna, yau wani.

Ƙanenki,
Damasi