Wuyan Kaza

Gadarif.

Zuwa ga Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ku da yara kuna lafiya a Hawata.

Ga abin da na yi miki alkawari a kwali, hannun Lado direban lori. Tun da kika ce matan biki sun fara ƙorafi hotonki na rawa saboda karkarwar hannun nan taki, ban huta ba. Na kwance jiragen wasan yara masu rimot da aka kawo min gyara aka manta da su, na ciro ƙananan injinan da ke juya fukafukansu, sarbo ake ce musu. Biyu na ɗaura a mariƙi, kamera a sama. Kin san kaza in kin karkata jikinta, kanta na nan daram? To haka yake aiki. Ko hannunki ya yi rawar sanyi, kamera ba ruwanta.

Hali ɗaya gare shi mara kyau. Da an jona batir sai ya fizge da ƙarfi ya koma tsakiya. Ki tabbata kin ɗaure noti kafin ki jona, in ba haka ba zai yi cilli da kamerar. Kamerar ma daga batirin take shan wuta.

Ki gaida Malam. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki, Mato mai gyara.

Hawata.

Mato,

Salamu alaikum. Ba ta waya zan faɗa maka wannan ba, waya kunne gare ta.

Wuyan kazarka ya yi aiki. A Basunda na ɗauki bikin Najwa, 'yar Hajja Sakinatu, har da rawar amarya, wadda ka san daga mata sai ango ke gani. Hajja da kanta ta kulle ƙofa, ta ce, "Zuwaira, idonki kaɗai na yarda da shi." Hoto ya fito tas, har gumin wuyan yarinyar ana gani.

A hanyar dawowa jami'an tsaro suka tsayar da mu taftish, binciken nan nasu na hanya. Wani ya buɗe shanta ta, jakar kayan aikina, abin ya ɗaga kai ya dube shi, don na manta ban cire batir ba. Da baya ya yi tsalle! Suka ce kayan leƙen asiri ne, ga mu kusa da iyaka. Suka sa na cire batir da hannuna, suka tafi da komai ofishinsu na Gadarif. Zakira, ɗan katin nan mai ajiye hoto, na cikin kamerar, rawar duka tana kanta. Ba su kalla ba tukuna, tsoron taɓa shi suke. Sun ce wanda ya ƙera zai zo ya kunna a gabansu.

Na ba su sunanka, Mato. Ka yafe min, kaina ne ya kulle.

Yayarka.

Gadarif.

Yaya,

Wa'alaikumussalam. Sun riga wasiƙarki isowa. Biyu suka zo shago, suka sha shayina, suka ce in je ranar Lahadi. Maƙwabtana na suk, 'yan kasuwa irina, tuni sun daina amsa min gaisuwa da kyau.

Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye ba. Ɗanlami da aka kira haka bara, kan 'yar rediyo kawai, sai bayan damina muka gan shi. Matata Ummuhani na da tsohon ciki, kuka take tun jiya. Lado ya ce zai iya sauke ni Gallabat in tsallaka iyaka har ƙura ta lafa. Ina tunani.

Amma in na je na kunna, abin da zai wanke ni shi ne su kalli hoton su ga biki ne. Kin gane? Tsirata tana cikin rawar yarinyar nan.

Ki yi min addu'a.

Mato.

Hawata.

Ɗan'uwana,

Salama da gaisuwa. Na gane.

Hajja Sakinatu ta zo har gida. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Zama ta yi a tabarma ta ce, "In namiji ɗaya ya gani, duk Basunda ta gani." Gaskiya ta faɗa, ka san yadda hoto ke yawo daga waya zuwa waya. Dangin ango masu zafi ne. Najwa ko lallen hannunta bai goge ba.

In ka gudu, za su samo wani ya kunna. In ka je, kai za ka kunna. Ba ni da bakin da zan ce ka zaɓi 'yar wani a kan Ummuhani da abin da ke cikinta. Ni na jawo, amma kai ne a bakin wuta. Duk abin da ka yi, ba zan riƙe ka da shi ba.

Allah ya tsare min kai.

Zuwaira.

Gadarif.

Yaya,

Assalamu alaikum. Jiya suka sako ni, bayan Ummuhani ta sauka. Namiji ne, an yi suna ba na nan, Kassim.

Na je ranar Lahadin. Suka ce in nuna yadda yake aiki. Na sassauta noti kamar ina dubawa, na jona batir. Kazar ta fizge, kamera ta yi ƙarƙashin tebur, kowa ya yi bakin ƙofa. Ni na rarrafa na ɗauko ta. Da suka buɗe ba zakira, ni kuma na ce ban san inda take ba. Abin da ya biyo baya, bayana zai ba ki labari in kin zo. Mariƙin sun farfasa shi.

Ki gaya wa Hajja ba wanda ya ga 'yarta. Zakira ba ta da ɗanɗano, amma tana kartar maƙogwaro.

Na samu wani jirgin wasan. In hannuna ya daina karkarwa zan haɗa miki sabo, yanzu mu biyu ne masu buƙata.

Ƙaninki, Mato.