Fatar Baba Tana Nan da Rai

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin Baba, Ya haskaka makwancinsa. Inna ta fara cin abinci, Auta ya koma aiki. Na rubuta wasiƙar nan na yage, na sake na yage, don ban san ko faɗa miki alheri ne ba. Amma ciwon da aka ɓoye shi ke ruɓa.

Kin san lokacin da tukunyar gas ta fashe a shagonsa, wuta ba ta bar masa fatar da za a ɗiba a rufe ƙunar ba. Abin da ban gaya miki ba shi ne, likita ya yanki 'yar fata a hammatarsa, inda wutar ba ta kai ba, ko faɗin farce biyu ba ta yi. Ya ce za a raine ta a ɗakin bincike ta yaɗu, sannan a dasa masa. Baba har dariya ya yi cikin bandeji, wai ya gama renon 'ya'ya, yanzu kuma gwamma a yi renonsa. Bai jira ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata ma'aikaciyar ɗakin binciken ta kira ni da murna a muryarta, wai albishir, fatar ta kusa isa dasawa. Ashe babu wanda ya kai musu labari. Ni na gaya mata ya rasu.

Na je. Ta cikin gilashi ta nuna mini, a wani akwati mai ɗumin jikin mutum. Shimfiɗe take cikin ruwa ja-ja, siririya kamar ɓawon albasa, ba ta ɗauko baƙin Baba ba ko kaɗan. Ta ce suna canja mata ruwan abincinta, tana ci, tana girma. Ba za a dasa wa wani ba, jikinsa ba zai riƙe ta ba. Ko su zubar, ko mu karɓa. Kuma da an fito da ita daga ɗumin, ba za ta daɗe ba. Tun ranar, Yaya, ko alwala nake in na shafi hannuna sai in tuna. Mun kai shi, mun yi addu'a, mun dawo, alhali wani yanki nasa yana can yana ta shirin warkar da mutumin da babu.

Auta ya ce kada a gaya wa Inna. Na yi ta aunawa, sai na gaya mata, ban sani ba ko na kyauta. Ba ta yi kuka ba. Ta fara tambaya wa ke ba shi abinci, mutumin da bai iya cin girkin kowa sai nata. Can ta ce, “Har aka fita da shi bandeji kawai na taɓa. Ku kawo mini in sa hannu.”

Malamin unguwa ya ce a naɗe ta a ƙyalle mai tsabta a binne kusa da shi. Ni ake jira in faɗi rana, kuma ma'aikaciyar ta ce ba za su iya riƙe ta ya wuce ƙarshen watan nan ba. Kin ce abin da ke cin ranki shi ne ba ki same shi da rai ba. Ban ce wannan Baba ne ba, ban kuma iya cewa ba shi ba ne. In za ki zo, zan roƙe su su bar akwatin a kunne.

Inna tana gaishe ki, haka Gwaggo da Kawu da Auta. Ki shafa mini kan takwarar Inna.

Ina sauraronki,
Ƙaninki.