Ranar da Sandar Majalisa Take Wurin Mai Walda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Yau Alhamis, tari ya ɗan sassauta mini, gwiwa ce dai har yanzu ba ta kai ni masallaci. Ina gaishe ka da aiki.

Ranka ya daɗe, ni ne tsohon nan na Gawon Nama da ma'aikatanka suka shafa wa zaurensa jan fenti, wai kwalbati zai bi ta ciki. Tun rasuwar mai ɗakina, a zauren nan kawai nake ganin mutane. Kafin in yi ritaya, ni ke ɗaukar sandar majalisar kansiloli.

Na ɗaya: ka ce majalisa ta zauna ta amince da rusau. Kansiloli suka ce ba su sani ba, suka kai ka kotu. Karon farko aka kori ƙarar, wai ba a shigar da ita yadda ya dace ba. Karo na biyu lauyanka ya ce sammaci bai iso hannunka ba, alhali muna jin ka a rediyo kana buɗe kasuwa. Damina ta zo ta wuce, alƙali bai ji ko kalma ɗaya game da zaurena ba.

Na biyu, kuma nan ne mutanenka suka yi tuntuɓe: takardarku ta ce an yi zaman ranar Talata. A Talatar da kuka ce ɗin aka kai ni Tudun Wada a Keke Napep, gyaran ƙafar kujerata. Ina shiga rumfar mai walda na ga sandar majalisa kwance a kan benci, kanta ya cire. Ba zan kasa gane ta ba, lotsawar da ke wuyanta ni na yi ta, ranar da na zame a matakala. Tun muna sababbin ma'aikata aka koya mana cewa zaman da babu sanda a kan tebur hira ce kawai.

Na uku: lauyan kansiloli ya sa aka ɗauke ni har gaban alƙali, mai walda ma ya ba da shaida. Jiya kotu ta ce ba a yi zama ba, saboda haka babu amincewa, babu rusau. Alhamdu lillahi! Zaurena yana nan tsaye.

Roƙona biyu ne. A turo a goge fentin nan. In kuma kwalbatin dole ne, ka kira majalisa yadda doka ta ce, da sandarta a gabanta, a bar mu mu ma mu faɗi tamu.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta masu karanta takarda kafin su miƙo maka.

Wassalam.
Tsohon mai ɗaukar sanda, Gawon Nama, Sakkwato.

Kansilanmu ya aiko cewa zai zo bayan La'asar ya yi mini murna. Na sa an share zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ga shi ana kiran Magariba, bai zo ba.