Gaba Huɗu

Tsibirin Dolsom, 3 ga Afrilu, 1995

Zuwa ga jikata Mi-ran,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ni ina nan, gwiwa ce dai. In kin ga rubutun ya karkace kada ki yi dariya, aji biyu na yi, kuma ban mutu ba.

Takardarki daga makarantar jiragen ruwan nan ta iso. Sau uku na karanta, sau ukun ina ajiye tabarau ina riƙe baki. Wai ƙarfe shida a busa muku usur, ku jeru a fili kamar kifin shanya a ƙirga ku, ku zaga tsauni da gudu ko loma ba ku sa a baki ba? Wai a auna ninkin bargo, in ya kauce da faɗin yatsa a hana ki fita ran Lahadi? Shekara hamsin da ɗaya na yi a teku, ban taɓa ganin bargo ya tsai da hadari ba. Dama na san masu fararen kaya, jami'an manyan jiragen nan. Babban jirginsu ne ya yanke mini raga shekarar da aka haifi ubanki, har yau ban ji an ce yi haƙuri ba. Cikinsu kika zaɓi shiga, sallamarki takarda a ƙarƙashin tukunya.

Duk wannan na haɗiye. Amma na ƙarshen nan fa! A hau da 'ya'yan mutane kan katako mai tsayin mutum uku, da riga da wando, a ce su faɗa ruwa? Da gangan? Kin san dokar gidanmu tun kan kakana: ba a koyon iyo. Wanda ya koya ya yi wa jirginsa fatan kifewa, kuma in Sarkin Teku ya kira mutum, iyo tsawaita wahala ne kawai. Iyo na su Mal-sun ne, matan nan masu nutso suna ɓamɓaro katantanwa, ita kuwa kin san shekara goma sha tara ba na amsa gaisuwarta.

Ki tattaro kayanki ki dawo. Ga busasshen ganyen teku nan, ki yi miya.

Kakanki,
Pyo Chil-bok

11 ga Afrilu

Zuwa ga Kaka,

Na durƙusa na gaishe ka, ina yi wa gwiwa sannu. Ganye ya iso, na gode, amma ka manta ba a shan miyarsa gab da jarrabawa, santsinsa zamar da mutum yake. Na ba mai girki.

Batun bargo, an ce mana wanda ya saba ajiye komai a wurinsa, ranar da hayaƙi ya cika jirgi ba sai ya lalubi rigar ceto ba.

Kaka, na taka dokar. Kullum bayan fareti ina koyon iyo inda ruwa ya tsaya mini a ƙirji, har na fara iyawa. Katakon ne ya gagare ni. Sau biyu ina hawa, ƙafata na ƙin ɗaguwa. Mu shida ne mata cikin ɗari biyu, duk ido a kanmu. A na biyun Malam Bang, mai horar da mu, ya ɗaga kai ya ce, "Ɗaliba Pyo! Katin gayyata kike jira kifi ya aiko miki?" Aka fashe da dariya, wani ya ce, "Wai kuma 'yar tsibiri ce!"

Na ce, "Yallaɓai, a gidanmu ba a shiga ruwa."

"Gidan masunta?"

Na ce e. Shi bai yi dariya ba. Ya cire hula ya ce, "Mutum nawa kuka rasa?"

Saura hawa ɗaya, ran goma ga Mayu. In na kasa ba zan shiga jirgin horo ba, wanda bai shiga ba kuwa sai gida. Burinka ya cika ke nan.

Amma duk sanda na tsaya a bakin katakon Baba nake gani. Ka ce hadari ne ya ɗauke shi a tsakiyar teku ina shekara ɗaya. Inna Mal-sun kuwa ta taɓa ce mini in na girma in tambaye ka gaba nawa ne. To, na girma. Gaba nawa ne, Kaka?

Jikarka mai biyayya,
Mi-ran

Dolsom, 19 ga Afrilu

Mi-ran,

Na gaishe ki. Mai biyayya, in ji wa?

Bakin Mal-sun ko ƙaguwa ta datse shi ba zai rufu ba. Kwana uku ina yage takarda. Tunda kin tambaya, ji.

Babu hadari. Rana ce tsaka, teku kwance kamar tabarma, muna shigowa har muna hango shanyar gidanmu. Ubanki Tae-sik ya taka santsin kifi, ya faɗa. Shi ke nan. Na miƙa sanda, ba ta kai ba. Na jefa igiya, ta wuce ta bayansa. Yana kallona, ina kallonsa, ni ma ban iya ba. Kafin in juyo da jirgi ruwa ya rufe.

Mal-sun ce ta taho daga duwatsu ta nutsa ta ciro shi. Yana shekara tara ta fara koya masa iyo a ɓoye, na kama su, na zane shi da igiya, ita kuma na zage ta tas a gaban mata. Da ta kwantar da shi a kan yashi ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Chil-bok, gaba huɗu ne tsakaninsa da jirgi. Ko ɗan akuya zai iya."

Gaba huɗu ne. Na buɗe hannuwana na auna a tsakar gida ya fi sau dubu, bai taɓa zama biyar ba.

Ban ce dokar ƙarya ce ba. Kakana ba wawa ba ne. Abin da kika tambaya kawai na faɗa miki.

Kakanki

Dolsom, 3 ga Mayu

Kwikwiyata Mi-ran,

Ina gaisuwa. Jirgin wasiƙa ya zo sau huɗu babu taki. Ban ga laifinki ba.

Zauna kafin ki karanta wannan. Na je gidan Mal-sun. Na same ta tana ɗinkin raga, na yi gyaran murya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Babu. Iyo za ki koya mini."

Allurar ta faɗi. Ta ce, "Kai tsohon banza, shekararka saba'in da huɗu!"

"Na tambaye ki lissafi?"

Kwana tara tana jana a bakin ruwa, ina rungume da goran nutsonta kamar jariri, matan tsibirin nan kaf suna zaune kan duwatsu suna cin dankali suna ba ni shawara. Na sha ruwan gishirin da zai jiƙa kimci, kabejin nan namu mai tsami, na shekara guda. Jiya na ce ta kai ni ƙarshen matsayar jirgi, ruwa ya janye, tsayin ya kai na katakonku. Na tsaya da riga da wando. Gwiwa ta ce a'a. Mal-sun daga ƙasa ta ce, "Sai na kira maka ɗan akuyar ya nuna maka?"

Na faɗa.

Mi-ran, ruwan ya dawo da ni! Na rantse da kabarin ubanki. Na tafi ƙasa, duhu, kunne na ƙara, na ce to, an kira ni. Sai na ji ana turo ni sama kamar da tafin hannu, ban yi komai ba sai sakin jiki. Shekara hamsin da ɗaya ina kansa, ba wanda ya gaya mini yana riƙe mutum. Ko kuwa an gaya mini, na ɗauko igiya.

Na fito na zauna kan yashi, kukan da ban yi ba shekara goma sha tara ya zo mini. Mal-sun ta kori matan.

Ki toshe hanci, ki haɗe ƙafa, ki kalli gaba ban da ƙasa. Ga alewa mai danƙo ta jarrabawa, mai manna mutum da sa'a, amma ki bari sai kin fito, kada ta manne ki a kan katakon. Har yanzu ban yafe wa masu fararen kaya ragata ba, ki gaya wa Bang ɗin nan.

Kakanki

10 ga Mayu

Kaka,

Na gaishe ka, ka gaishe mini da Inna Mal-sun, da bakinka.

Na faɗa. Da na taso na ƙirga gaba huɗu, na Baba. Sannan na ci gaba.

Jikarka,
Mi-ran